Yadda Ake Zaɓen Madabod Mai Ƙarko Don Kwamfutar Gem Idan Kuɗi Ba Su Da Yawa

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Yau wani zai turo hoton madabod, wato babban faifan da ake jera kayan cikin kwamfuta a kansa, daga Marwa, gobe wani daga Gaundere, jibi daga Kusiri ko Njamena, kuma maganar ɗaya ce: "Malam, wannan zai yi? Mai shago ya ce sabon shigowa ne." Ni kuma sai in mayar da tambaya: da wace furosesa, da wane RAM, a wane irin ɗaki, kuma yaya wutar unguwarku take? Tun da abin ya yi yawa, bari in jera matakan yadda nake bin su a nan Garwa idan aka kawo min aikin haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan. In ka shiga shagunanmu ka ce kart mer, sun fi saurin gane abin da kake nema.

Ka fara cire wani abu daga ranka: madabod ba ya ƙara wa gem gudu. Furosesa ɗaya, katin hoto ɗaya, ka ɗora su a kan na saifa 50,000 ko na 150,000, wasannin FC da GTA V za su tafi kusan daidai. Abin da kake biya a madabod shi ne ya karɓi sauran kayanka ba gardama, ya kuma jure zafin Afrilu, ƙurar hunturu, da wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita ba sallama. Fitilu masu launi-launi da zanen dodo a jikin kwali ba sa cikin lissafi.

1. Raba kuɗin tun kana gida

Rubuta jimillar abin da ke hannunka. Cire kuɗin allo, kibod da linzami idan ba ka da su, ka cire na stabilaiza ko ondiler, wato UPS mai riƙe wuta idan an ɗauke. Abin da ya rage shi ne kuɗin kwamfutar. A ra'ayina katin hoto ya ɗauki kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, madabod kuwa ya tsaya tsakanin 12 da 15. Mai saifa 400,000 ke nan madabod ɗinsa kada ya wuce 60,000.

Ga hanyar gane ko ana tsuga maka farashi. Saifarmu a ɗaure take da yuro, yuro 1 saifa 656 ne idan an cike. Duba kuɗin madabod ɗin a wani shagon intanet na Faransa ka ninka da 656. Masu sauƙi irin A520 da H610 sukan kama yuro 60 zuwa 80 a can, wato wajen saifa 40,000 zuwa 52,000. Ƙananan B550 da B760 kuwa yuro 90 zuwa 130, wato 59,000 zuwa 85,000. Ɗan kasuwa zai ɗora kuɗin jirgi, na kwastan da ribarsa, wannan haƙƙinsa ne. Amma in ka ga ya ninka biyu, yi masa fatan alheri ka fita.

Gargaɗi: kada ka tsakuro daga kuɗin alim, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta, don ka ƙara a madabod. Alim mara suna, mai sauƙin nauyi kamar babu komai a ciki, shi ne ya fi kashe madabod a garin nan. Idan ya tafi ba ya tafiya shi kaɗai.

2. Furosesa tukuna, sannan soket

Wanda ya sayi madabod kafin ya yanke shawarar furosesa ya sayi sirdi ne bai ga dokin ba. Kowace furosesa tana da soket ɗinta, wato gurbin da take zama, kuma ba a tilasta mata wani.

Ga mai ƙaramin kasafi, gidaje uku ne abin dubawa. Na farko AM4 na AMD, wanda ke ɗaukar Ryzen daga jerin 1000 har 5000, da RAM DDR4. Ryzen 5 5500 da 5600 nan suke zama, kuma har yanzu nan ne kuɗi ya fi yin albarka. Na biyu LGA1700 na Intel, mai ɗaukar zubi na 12, 13 da 14, irin su Core i3-12100F da i5-12400F. Na uku AM5, wanda ya fito a 2022, yana ɗaukar Ryzen 5 7500F da 7600, amma DDR5 kaɗai yake ci, don haka madabod da RAM duka sun fi tsada. In kana da halin ƙarawa, AM5 ne mai sauran gaba, domin AMD ta ce za ta ci gaba da fitar masa da furosesa har 2027 ko fiye. In ba hali, AM4 bai yi maka laifin komai ba.

Gargaɗi: soket LGA1151 tarko ne a kasuwar kayan hannu. Suna ɗaya, siffa ɗaya, amma gida biyu ne. H110 da B250 na zubi na 6 da 7 ne, H310, B360 da B365 na zubi na 8 da 9. Furosesar za ta zauna daram, ka rufe marfi, ka danna, shiru.

Wani gargaɗin: furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe ba ta fitar da hoto da kanta, haka ma Ryzen 5 5500, 5600 da 7500F. Ko da madabod na da ramin HDMI a baya, ba abin da zai fito ta nan. Idan shirinka shi ne ka fara ba katin hoto ka saya daga baya, nemi 5600G ko Intel mara F.

3. Cifset: kada ka biya abin da ba za ka taɓa ba

Harafi da lambar da ke cikin sunan madabod, irin B550 ko H610, su ne cifset. A ɓangaren AM4, A520 da B450 suna tafiya da PCIe 3.0, wato hanyar da katin hoto ke bi ya yi magana da furosesa, B550 yana ba katin hoto da ramin M.2 na farko, wanda ake sa SSD a ciki, PCIe 4.0. A ɓangaren Intel, H610 ne ƙarami, yawanci ramin RAM biyu, DDR4 ɗinsa ba ya wuce 3200. B660 da B760 sun fi shi ramuka da sakin RAM. X570, Z690 da Z790 na masu tura furosesa fiye da ƙa'ida ne, ba ruwanka da su.

Shin PCIe 4.0 ya cancanci ƙarin kuɗin? Ya danganta da katin hotonka. RX 580, GTX 1660 Super da RTX 3060 ba su damu ba. RX 6400 da RX 6500 XT kuwa layi huɗu kacal aka yi musu, idan suka faɗa kan PCIe 3.0 sai ka ga gem yana ɗingishi. Sannan ka sani Ryzen 5 5500 da 5600G su kansu PCIe 3.0 suka iya, ko ka ɗora su a kan B550 ba za su ba ka 4.0 ba. To mai 5500 da RX 580, B450 mai kyau ya ishe shi, ragowar kuɗin ya kai wa RAM.

Gargaɗi: a hukumance A520 da B550 ba sa ɗaukar Ryzen 3 3200G da Ryzen 5 3400G, duk da lambarsu ta fara da 3. Waɗannan B450 ne gidansu.

4. Duba wurin da ke ba furosesa wuta

Nan ne nake so ka daɗe, domin nan ne madabod mai arha ke bambanta da mai arhar banza.

Riƙe madabod, ramukan USB suna hagunka. Tsakanin su da soket, da kuma sama da soket, za ka ga jerin ƙananan murabba'ai baƙaƙe ko masu ruwan toka, kusa da su akwai wasu ƙananan lafaffu. Wannan sashen ake kira VRM, shi ke sauke wuta mai bolt 12 zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, bolt ɗaya da 'yan kai. Aikin yana haifar da zafi sosai. Tambayar ita ce: an ɗora musu ƙarfen sanyaya, ko a tsirara suke? Idan akwai ƙarfen, taɓa shi ka ji. Alminiyo ne mai kauri da tsaga-tsaga wanda aka ɗaure da sukuru, ko ɗan falle ne da aka maƙala da roba don ado?

Masu gwajin da kake kallo a YouTube suna yi ne a ɗaki mai sanyin digiri 21 ko 22. Kai kuwa a Garwa ko Njamena, daga Maris zuwa Mayu waje yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano da azahar kuma Allah kaɗai ya san nasa. Duk lambar zafin da suka nuna maka, ɗora kusan 20 a kai. VRM ɗin da ya tsaya a 80 a wurinsu, a wurinka yana bakin 100, kuma daga nan madabod zai fara rage wa furosesa gudu don ya tsira. Alamar ita ce gem ya tafi lafiya na minti ashirin, sannan ya fara tsinkewa, ka kashe ka huta, ya dawo daidai. Mutane da yawa katin hoto suke zargi.

Ga yadda nake yankewa. Ryzen 5 5500, 5600 da i3-12100F ba sa kai wa wat 90 ko an matsa musu, za su iya zama a kan VRM mara ƙarfe idan iska na ratsa gidan kwamfutar. Core i5-12400F kuwa tana iya jan wat 117, i5-13400F har 148. Waɗannan ban yarda a ɗora su a kan tsiraran H610 ba a ƙasarmu. Mai gidan gem da kwamfutarsa za ta yini ta kai dare tana aiki, shi ko wace furosesa ce ya nemi mai ƙarfe, a gefen hagu dai aƙalla.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesa, mai hura iska ƙasa, tana fifita VRM a kan hanya. Doguwar fanka mai tsayi tana sanyaya furosesa fiye da ita, amma iskarta ta sama take wucewa. Idan ka sa doguwa a kan madabod mara ƙarfe, dole fankar bayan gida ta kasance tana aiki.

Gargaɗi: kada ka ruɗu da ƙirga murabba'an nan ko lambobin da ake bugawa a kwali irin 8+2. Yawansu ba ya nuna ingancin abin da ke ƙarƙashi. Rubuta cikakken sunan madabod ɗin tare da VRM a intanet, ka ga abin da waɗanda suka auna da na'ura suka samu.

5. RAM

DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. A LGA1700 madabod ɗaya yakan fito iri biyu, na DDR4 da na DDR5, bambancin sunan ɗan "D4" ko "DDR4" ne a ƙarshe. Karanta a jikin madabod ɗin kansa, kusa da ramukan, kada ka tsaya ga bakin mai shago.

Sayi sanda biyu, 8GB sau biyu ko 16GB sau biyu, maimakon ɗaya babba. Furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda, kuma ga mai 5600G bambancin a bayyane yake ƙarara. A madabod mai rami huɗu, sandunan suna shiga na biyu da na huɗu idan ka ƙirgo daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Rami huɗu ya fi, don ƙari nan gaba, amma ban ga laifin mai biyu ba in za ka sa 16GB sau biyu tun farko.

Gargaɗi: RAM mai 3200 yawanci ba ya tashi a 3200 da kansa, yakan tsaya a 2133 ko 2400 sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka kunna XMP. A madabod ɗin ASUS na AM4 sunansa DOCP, a AM5 kuma EXPO.

6. Girma da ramuka

Micro-ATX, mai santimita 24.4 kowane gefe, shi ne na mai ƙaramin kasafi: ya fi arha, yana shiga kusan kowane gida. ATX ya fi shi tsawo, 30.5, ba ya shiga ƙaramin gida. Mini-ITX tsada ne da zafi, bar shi.

Tabbatar akwai ramin M.2 mai ɗaukar NVMe, biyu in da hali. Ƙirga wuraren sa fanka, waɗanda aka rubuta wa SYS_FAN ko CHA_FAN. Guda ɗaya ya yi kaɗan a yanayinmu, nemi biyu ko uku. Duba cewa akwai wurin haɗa USB 3 na gaban gida. Wi-Fi na cikin madabod yana ƙara kuɗi, alhali yawancinmu da waya ko modem ɗin MTN, Orange ko Airtel muke shiga intanet, kuma waɗannan ta igiya ma suna haɗuwa. Idan madabod na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wannan kam alheri ne, ranar da kwamfuta ta ƙi tashi su za su nuna maka inda ta tsaya.

Gargaɗi: a wasu madabod, sa SSD a M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA. Yana rubuce a littafin.

7. BIOS: soket ya dace ba ya nufin zai tashi

B450 ya riga Ryzen 5000 fitowa, H610 da B660 sun riga zubi na 13 da 14. Idan madabod ya daɗe a sito da tsohon BIOS, ba zai gane sabuwar furosesa ba. Fanka za ta juya, allo ya zauna baƙi.

Shiga shafin kamfanin, nemi cikakken sunan madabod ɗin, buɗe jerin furosesoshin da yake ɗauka. Gaban kowace an rubuta lambar BIOS da take bukata. Sai ka gano wanda ke cikin naka. ASRock na manna 'yar takarda a kan ƙwayar BIOS ɗin, ASUS kuma lambobi huɗu na ƙarshe a doguwar takardar da ke jikin madabod su ne. Wasu kwalayen AM4 suna da tambarin da ke cewa a shirye suke da Ryzen 5000. In babu ko ɗaya, sai a kunna a gani.

Mafi sauƙi shi ne madabod mai maɓallin sabunta BIOS a baya, wanda ke aiki ko babu furosesa. ASUS da ASRock suna ce masa BIOS Flashback, MSI Flash BIOS Button, Gigabyte Q-Flash Plus. Za ka goge filas da tsarin FAT32, ka sauke fayil ɗin, ka sake masa suna yadda kamfanin ya ce: MSI.ROM a MSI, GIGABYTE.bin a Gigabyte, creative.rom a ASRock, ASUS kuwa tana haɗo ɗan shirin da ke sake sunan. Ka haɗa igiyar alim mai ƙafa 24 da mai ƙafa 8, ka soka filas a ramin USB da aka ware wa wannan aikin, ka danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙyaftawa na 'yan mintuna. Kada ka taɓa komai sai ta daina. Idan madabod ba shi da maɓallin, sai an ari tsohuwar furosesa wurin mai gyara. Ka yi wannan yarjejeniya da mai shago kafin ka biya, ya sabunta maka a gabanka.

Gargaɗi: kada ka sabunta BIOS a kan wutar gari kai tsaye, balle janareta. Idan aka ɗauke a tsakiya, madabod na iya mutuwa. Ɗora kwamfutar a kan ondiler mai cikakken caji.

Gargaɗi na biyu: Gigabyte na fitar da madabod ɗaya da bugu daban-daban, rev. 1.0, 1.1 da sauransu, an rubuta a kusurwar ƙasa ta hagu. Sauke BIOS na bugunka.

8. Sabo, na hannu, da waɗanda za ka guje wa

Sabo daga Akwa a Duwala ko Abeni Kenedi a Yawunde yawancin kaya ke hawowa, wasu kuma ta Yola da Kano idan canjin naira ya yi daɗi. ASUS, MSI, Gigabyte da ASRock duk suna da masu kyau da marasa kyau, sunan kamfani kaɗai ba hujja ba ne. In za a aiko maka ta motar ajans, kafin ka tura Orange Money ko MoMo ka ce a ɗauko maka bidiyo: madabod a kunne cikin BIOS, sannan a nuna lambar siriyal. Lambar nan a rubuta ta a rasit tare da kwanakin garanti. A sa shi cikin ledarsa da kwalinsa, a naɗe da wani kwalin, domin hanyar Gaundere zuwa Garwa ba ta tausayin kaya.

Na hannu ba haramun ba ne, B450 da B550 na hannu sukan yi kyau, muddin za a bar ka ka gwada. Amma iri uku ne nake hana mutane.

Na farko, madabod da aka ciro daga kwamfutocin ofis na gwanjo, irin Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. Kwamfutocin lafiyarsu ƙalau a gidansu, amma da yawansu wurin shigar wuta ba mai ƙafa 24 ba ne, nasu ne na kansu mai 6, 8 ko 10, ramukan sukuru da wayoyin maɓallin gaba ma haka. Wani yaro ya shigo min da irinsa a leda, da katin RX 580 da sabon alim, yana murna ya yi arha. Na juya madabod ɗin na nuna masa ɗan farin rami mai ƙafa shida, na ɗaga igiyar alim ɗinsa mai 24 kusa da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ba a yanke wayar a haɗa?" Akwai adafta ga wasu, amma ba zan ɗora katin da ke jan wat 185 a kan dabarar yanke waya ba.

Na biyu, haɗin X79 da X99 da ake tallatawa da furosesar Xeon da RAM mai yawa a farashi mai jan hankali. Furosesoshin sun haura shekara takwas, na tsofaffin sabobi ne, cifset ɗin ma sau da yawa cirowa aka yi daga wani tsohon madabod. Suna buga GTA V, ban musa ba. Amma ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Sannan Valorant a kan Windows 11 sai da TPM 2.0 da Secure Boot, Battlefield 6 ma sai da Secure Boot, kuma wasu wasannin suna bin sahu.

Na uku, H61 da H81 masu DDR3. In kana da su a gida ka ci gaba da amfani, amma kada ka zuba sabon kuɗi a kansu.

9. Duba da ido kafin a kunna

Tafi da wayarka da cajinta. Kunna tocila, ka karkata madabod, haske ya kwanta a kan soket daga gefe. A LGA1700 da AM5 alluran suna cikin soket ɗin, wajen dubu ɗaya da ɗari bakwai, sun kwanta jeri-jeri suna sheƙi iri ɗaya. Wadda ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli daban ko ta bar ɗigon duhu a cikin jeri. Ɗauki hoto ka buɗa shi da yatsa. Ko guda ɗaya ka gani, ajiye. A AM4 alluran a jikin furosesa suke, sai ka duba ramukan ba busasshen man furosesa a ciki, kuma sandar kullewa tana kamawa.

Juya bayansa. Nemi wurin da ya yi ruwan ƙasa ko baƙi a ƙarƙashin VRM, alamar ya sha zafi. Nemi tabon dalma mai sheƙi ko danƙo, alamar an yi gyara. Kai shi hanci, ƙauri ba ya ɓuya. Duba ramin katin hoto bai tsage ba, maƙallinsa na nan. Tsatsa a ramukan USB kuwa tana nuna ya zauna a laimar Duwala. Tambayi farantin baya, mai rufe ramukan, da ɗan sukurun M.2, da ƙarfen bayan soket na AM4. Ƙanana ne, amma nemansu daban a garin nan wahala ce.

Gargaɗi: a hunturu jiki na tara wutar da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙarfe. Taɓa ƙofar ƙarfe ko jikin alim kafin ka ɗauki madabod, ka riƙe shi ta gefe.

10. Gwada a kan kwali

Kada ka ɗaura komai a gida tukuna. Ɗora madabod a kan kwalinsa, sa furosesa da fankarta, sandar RAM ɗaya, katin hoto, igiya mai ƙafa 24 da mai 8. Igiyar allo a jikin katin hoto take shiga. Nemi ƙafafu biyu masu rubutun PWR_SW, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Yana tashi ka yi ta danna Del.

A cikin BIOS duba sunan furosesa da yawan RAM. Kashe, mayar da sandar rami na gaba, sake kunnawa, har ka zagaye ramukan duka. Rami ɗaya matacce ya isa a fasa ciniki. Bi ramukan USB ɗaya-ɗaya da filas, gwada sauti da lasifikar kunne, soka igiyar intanet, sa SSD a M.2 ka ga ya bayyana. Cire wuta gaba ɗaya na minti biyu ka mayar. Idan kwanan wata ya koma baya, batirin CR2032 ne ya mutu, wannan ƙaramin abu ne, masu agogo ma suna sayarwa.

In mai shago ya ba da dama, ko kuma da isarka gida cikin kwanakin garanti, sa Windows, buɗe HWiNFO mai nuna zafin kaya, ka saki Cinebench mai matsa wa furosesa na rabin awa da tsakar rana, ba da dare ba. Kalli layin VRM ko MOS idan madabod na nuna shi, da gudun furosesa. Idan zafin ya haura 95 ko gudun yana faɗuwa yana tashi, ko ka ƙara fanka a kansa ko ka mayar.

Gargaɗi: igiyar furosesa mai rabuwa 4+4 da ta katin hoto mai rabuwa 6+2 sun yi kama. In ta ƙi shiga, ba ita ba ce, kada ka danna. Sannan AM5 a tashin farko yakan ɗauki 'yan mintuna allo baƙi yana daidaita RAM, ba lalacewa ba ce.

11. Ɗaurawa, wuta da ƙura

Sa farantin baya kafin madabod. Ƙirga 'yan ginshiƙan tagulla da ke cikin gida su yi daidai da ramukan madabod. Guda ɗaya da ya rage a inda babu rami zai taɓa bayansa ya haɗa wuta. Sukuru a ɗaure shi daidai, ba da ƙarfin tsiya ba.

Daga bango, stabilaiza ko ondiler mai daidaita wuta, sannan kwamfuta. Ƙaramin ondiler mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake ɗauka, kwamfutar gem da allonta suna so 1000VA zuwa 1500VA. Idan an ɗauke wuta, kashe soket ɗin bango, ka bari ta dawo ta zauna kafin ka kunna. Idan jikin kwamfutar na ɗan jan hannunka, gidan ba shi da waya ta ƙasa, kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfe ya haɗa. Da damina in hadari ya taso, cire filogi har da igiyar intanet, tsawa ta nan ma take shigowa.

Ɗaga kwamfutar daga ƙasa, kan tebur ko benci. A hunturu buɗe ta duk wata ka hure da bulowa, ka dafe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima, kuma ban da tsumma mai ruwa. Ajiye kwalin, rasit, da baƙin marfin roba da ya zo a kan soket. Idan za a mayar da madabod na LGA1700 ko AM5 babu marfin, da wuya a karɓa. Duk ranar da ka canza batirin CR2032 ko ka sabunta BIOS, koma ciki ka sake kunna XMP da TPM, wanda AMD ke kira fTPM, Intel kuma PTT, domin saitin yakan koma yadda ya fito daga kamfani.